Risala a Kan Layar da Malam Ya Ba Gizo

Tun da aka gama kai gero rumbu a Kademi bana, teburin mai shayinmu bai ƙara watsewa kafin ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba, kuma mas'ala ɗaya ce ta riƙe shi: wane irin asiri ne Gizo, mijin Ƙoƙi, yake ɓoye wa duniya? Cewa yana da asiri, wannan an yi ittifaƙi a kai, ko yaron da aka aiko sayen biredi zai gaya maka haka yana jiran canji. Inda aka rabu shi ne sunan asirin, da hannun da ya fito, da dalilin da ya sa mai shi ya gwammace ya yi ta shan duka dare bayan dare da ya fito da shi fili. Saɓanin ya yi zurfi har tela da mai cajin waya, waɗanda bango ɗaya ya raba shagunansu, sun koma gaisuwar ɗaga hannu daga nesa. Ganin haka na ce wajibi ne wani ya zauna ya tsefe maganar a rubuce, tun ba a kai ga sa mai unguwa a ciki ba.

Mai karatu na da haƙƙin ya nemi ganin ijazata. Na ɗauki wannan fanni daga bakin kakata, ita kuma daga bakin tata kakar, a ɗakin soro mai rufin azara, kan tabarma, bayan an ci tuwo an wanke hannu, ga fitilar ƙwai an rage mata lagwani don kananzir ya kai gobe. Rani bakwai na yi ina ɗaukar karatu, ban taɓa fashi ba sai daren da barci ya sace ni. Bayan wannan, ni ɗan ƙasar Gaya ne. A labarin Bayajidda, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya sare macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, kuma daga Gaya aka ce maƙerin nan mai suna Kano ya taso neman tama har ya zauna a gindin Dala. Jikokin masu irin wannan sana'a ba za a hana su tofa albarkacin bakinsu a kan kayan aikin Gizo ba.

Sai a fara tantance wanda ake magana a kansa, domin rashin yin haka ya cinye mana dare biyu da gwangwanin madara ɗaya. Akwai gizo-gizo, mai ƙafa takwas, wanda ke saƙa a lungun ɗaki. Akwai tautau, wanda ake ɗora wa alhakin duk ƙurjin da mutum ya tashi da shi a gefen baki, a ce fitsarinsa ne, ko da yake har yau ba wanda ya kama shi a tsugune. Waɗannan biyu ba su da gona, ba su da mata, ba a taɓa ganinsu a fada ba. Gizon da muke nufi yana da duka ukun, yana da gatari, yana da bashi, yana da surukai. Amma in rana ta ɓaci, shi ɗin ne dai zai kama bango ya haye azara ya maƙale.

Daga nan 'yan rikiɗa suka samo madogara, tela ne kuwa limaminsu. Hujjarsu ita ce mai noman da ke iya maƙalewa a azara dole yana da jiki biyu, yana sa ɗaya yana rataye ɗaya. Ƙaulin yana da daɗin ji, sai dai bai jure wa tambaya. Kura ma a tatsuniya tana da gida, tana zuwa kasuwa, tana karɓar baƙi, ba a ce ta rikiɗa ba. Zomo yana da gona. In har gona ce shaidar rikiɗa, to duk dajin ya rikiɗe, an rasa wanda zai yi mamaki. Raddin 'yan layar zana ya fi wannan sauƙi ma. Wani ɗan acaɓa mai bin hanyar Toranke ne ya shigo da ra'ayin, ya ce ai shi ya sa in an zo kama Gizo sai a neme shi a rasa. Na ce masa, Malam, mutumin da 'yar tsanar danƙo ta riƙe hannu da ƙafa har gari ya waye, masu gona suka zo suka same shi, ina layar take a daren? Harshen Hausa kansa ya yanke hukuncin: mai layar zana yana nan ba a ganinsa, wanda kuwa aka ce yana yi maka gizo ba ya nan kake ganinsa. Ƙauli biyu masu karo da juna ba sa zama a aljihu ɗaya. Sagau da kau-da-bara da maganin ƙarfe kuwa ban ga amfanin ɓata takarda a kansu ba. Jikin Gizo ya sha sanda fiye da jakin mai itace.

Ra'ayin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na wani tsohon malamin firamare, wanda ya yi ritaya da littattafansa duka, kuma shi kaɗai ne a teburin yake shan shayi ba sukari. Shi cewa ya yi Gizo yana iya tashi sama, ɓoyewa yake yi. Kowa ya san labarin hankaki. Ana yunwa, hankaki na zuwa cin ɓaure a bishiyar da ke tsakiyar kogi, Gizo ya yi ta zuwa gidansu da sunan ɗibar wuta, yana fita yana kashe ta yana dawowa, har suka gaji suka ara masa gashi ɗai-ɗai, aka liƙa masa ya bi su. Da aka isa, duk ɗan ɓauren da wani ya kai baki sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Haushi ya kama su, kowa ya cire gashinsa, suka bar shi a reshe, ya faɗa ruwa. Malamin ya ce duk wannan wasan kwaikwayo ne. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, sannan ya kawo hujja daga teku: a 1832 wani Bature masanin halittu, Charles Darwin, yana cikin jirgin ruwa mai suna Beagle, kimanin mil 60 daga gaɓar Ajantina, sai ga ƙananan gizo-gizo sun sauko daga sama sun cika igiyoyin jirgin. Yadda suke yi kuwa sananne ne. Ɗan gizon zai hau kan tsinin ciyawa, ya ɗaga bayansa, ya saki zare, iska ta kama zaren ta yi sama da shi. Babu gashi, babu danƙo, babu roƙon hankaka. To, in ji malamin, wanda danginsa ke keta teku, me zai sa ya yi aron fiffike don tsallake kogin da bai fi na Wudil ba?

Teburin ya yi tsit, har mai shayi ya bar ƙwai ya ƙone. Ni ma na kwana biyu ina juya maganar, domin labarin jirgin gaskiya ne, ba a musa shi. Amma Allah ya gafarta Malam ya tsallake sharuɗɗa biyu. Na farko nauyi. Masu wannan tashi ƙanana ne, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba ko suka ɗara ta kaɗan, Gizo kuwa magidanci ne da ya shiga cikin saniyar Sarki ya yanki kitse, ba sau ɗaya ba. Zaren da zai ɗaga wannan tumbi ba a saƙa shi ba tukuna. Na biyu linzami. Mai tashi da zare ba shi ke zaɓar masauki ba, iska ce. Da hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas, saboda haka wanda ya saki zarensa a Kademi da niyyar cin ɓaure zai tsinci kansa kudu maso yamma, a gonar wani da bai san shi ba, an riga an girbe. Gizon da muka sani bai taɓa fita gida bai san tukunyar da ya nufa ba. Saboda haka na ajiye ƙaulin tashi sama cikin girmamawa. Sai dai ina roƙon mai karatu ya riƙe ƙarashen labarin, za mu dawo kansa: da Gizo ya faɗa ruwa, gidan kada ya sauka, ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami, suka karɓe shi suka ba shi ɗakin ƙwai. Ya yi ta gasawa yana ci har ya rage guda ɗaya. Da aka zo ƙirga, wannan gudan ya yi ta miƙowa yana mayarwa, kada na lissafi, lissafi ya cika cif.

Akwai kuma masu cewa asirin shi ne Gizo ba ya mutuwa. Lallai an kashe shi a ruwayoyi da dama, washegari da dare kuma sai ga shi da gatari a kafaɗa. A nan ina da shaidar ido. Ina ɗan shekara shida na tsinci gawarsa a bayan randa, ƙafafu takwas a naɗe, ba nauyi ko kaɗan, in ka hura sai ta tashi. Na ɗauko a tafin hannu na ruga wurin kakata ina kuka.

“Iya, Gizo ya mutu!”

Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta juya da farce, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. “Kai angona, wannan ai rigarsa ce. Ta matse shi ya tuɓe. Ɗaga kai ka gani.”

Na ɗaga, ga shi can a azara, ya fi jiya girma. Ilimin zamani bai ƙara komai a kan fatawar Iya ba sai suna: gizo-gizo yana saɓa kamar maciji, domin fatarsa ba ta girma tare da shi, kuma wasu irinsa in sun ji haɗari sukan naɗe ƙafa su yi lamo kamar gawa har abin ya wuce. Wannan sana'a ce ta gado, ba a kiranta asiri. Mu mutanen ƙasar Gaya ma abu ya mutu ya tashi bai cika ba mu mamaki ba. A kan idonmu aka kafa masarauta a 2019, aka rushe ta a 2024, aka kuma dawo da ita cikin shekarar.

Batun baka ne ya kusa jawo dambe. Mai cajin waya ya ce tun da bakan da ke fitowa a sama sunan Gizo yake amsawa, kuma kowa ya ji ana cewa in ya fito ya shanye hadari, to Gizo ne ke riƙe da makullin damina. Malamin firamare ya miƙe ya bayyana cewa hasken rana ne ke shiga ɗigon ruwa ya karye ya rabu launi-launi, shi ya sa ba ka ganin bakan sai rana tana bayanka, da yamma ka gan shi gabas. Ba wanda ya saurare shi. Wanda aka saurara shi ne wani dattijon maƙeri da ya zo karɓar wayarsa, ya tsaya da sanda ya ji ƙarshen gardamar, ya ce: “'Ya'yana, ku da kuka ga bakan, wa ya taɓa ganin kwarin? Baka ba kibiya ai makamashi ne.” Ya karɓi wayarsa ya tafi. Ni abin da zan ƙara shi ne mai iko da ruwan sama ba ya cin bashin hatsi wurin giwa da dorina a shekarar fari.

Kafin in kai ga matsayata, bari in ambaci tsamin baki, don akwai masu cewa na ƙarya ne. Gizo ba ya iya furta ra, sai ya mayar da ita ya. Wannan ba a ɗauke shi komai ba sai da tela ya lura da abin da hakan ke haifarwa a fada. Kowa in ya faɗi gaban Sarki cewa yake yi ranka ya daɗe. Gizo kuwa, da wannan baki nasa, yanka ya daɗe yake cewa, gaban dogarai, kullum, kuma ba a taɓa tsare shi a kai ba. Tela ya ɗauki wannan shaidar jarumta. Ni na ɗauke shi shaidar wani abu dabam. Fadar da ake yi wa irin wannan addu'a kowace safiya, kuma kowace safiya ta amsa da amin, akwai abin da ke damun ƙwaƙwalwarta.

A nan gizo ke saƙa. A duk abin da na karɓa daga Iya, wuri ɗaya tak aka ambaci Gizo ya karɓi laya hannu da hannu. Kura ta cinye dokin wani malami. Gizo ya je ya ce, Allah ya gafarta Malam, in na kawo maka ita har ƙofar gida, za ka yi mini laya? Malam ya ce zai yi. Gizo ya ari sirdi da linzami da ƙaimi, ya je ya gaya wa Kura akwai mushe a wani wuri, sai dai shi ba ya jin daɗi, ba zai iya tafiya ba. Kwaɗayi ya sa ta ce ya hau. Ya ce bayanta na da santsi, a ɗaura sirdi. Ta yarda. Ya ce a sa linzami don kada ya faɗi. Ta buɗe baki. Haka ya sukwano ta har gaban Malam, aka ɗaure ta, Malam ya cika alkawari. Jamhurun masu ruwaya sun ce layar farin jini ce, wai shi ya sa kowace tatsuniya sai an sako Gizo. Abin sha'awa, mutanen Akan na Gana suna da makamancin wannan: nasu gizon, Ananse, sayen labaran duniya ya yi, ya biya da mesa da damisa da zirnako waɗanda ya kamo da dabara, daga baya bayi suka tsallaka da shi har Jamaika. Kenan a gida biyu an yarda cewa dabba ya kamo aka biya shi. Abin da aka biya shi da shi ne ban yarda da jamhuru a kai ba.

Farin jini so yake jawowa. Wa ke son Gizo? Ba a taɓa raɗa wa jariri sunansa ba. Ba a ba shi aure a wajen tatsuniya, ba a ba shi ajiya. Gidansa kuwa kowace safiya da tsintsiya ake gaishe shi. In wannan ne farin jini, to Malam ya cuci abokin cinikinsa. Abin da na tsaya a kai, bayan dogon nazari da kofi mai yawa, shi ne layar mantau ce, irin wadda ake yi wa mai bin bashi don ya bi ta ƙofarka bai tuna ba. Sai dai ta Gizo ta fi ta kasuwa ƙarfi, domin tana aiki a kan daji guda.

A duba Kura. An hau ta da sirdi, an kai ta gaban mai doki, ta sha bulala. An shiga da ita cikin saniyar Sarki, Gizo ya tsere ya bar ta a hannun mahauta. Har yau in ka ga kura, ko ta masu wasa da ita a kasuwa, za ka ga bayanta a sauke, alamar jiki bai manta sirdin ba. Amma a duk tsawon karatuna ban taɓa jin tatsuniyar da ta fara da Kura ta tare Gizo a hanya ta ce, kai, ba kai ne na jiya ba? Kullum sai ya yi sallama, ta amsa, ya ce akwai nama, ta ɗauki jaka. Giwa da dorina, waɗanda ya ba kowannensu bakin igiya ɗaya ya ce dokin biyan bashi ne a ɗaya bakin, suka wuni suna jan juna, ba a ji sun kai ƙara ba, ba a kuma ji sun gargaɗi maƙwabta ba. Kada kuwa ƙwai ɗaya aka nuna masa sau da yawa a zama guda. Wannan ya wuce rufa-ido, domin idonsa a buɗe yake, yana gani sarai. Tunawa ce aka ɗauke masa tsakanin miƙowa da miƙowa.

Malamin firamare ya kawo suka mai ma'ana. Ya ce kowace tatsuniya duniyarta dabam, Kurar daren Litinin ba ita ce ta daren Talata ba, don haka ba ta da abin tunawa. Na ce masa, Allah ya gafarta Malam, to a zo ga takarda. Tun 1911 zuwa 1913 Frank Edgar ya buga littattafai uku na tatsuniyoyin da malamai suka rubuta masa da ajami. A 1913 Tremearne ya buga nasa tarin, Rattray ma ya buga wanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yanzu ake kira Gana. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, aka shiga da su aji. Fiye da shekara ɗari kenan laifuffukan Gizo suna rubuce baƙi da fari, da Hausa da Turanci, a ɗakunan karatu daga Kano har Ingila. Ɓarawon akuya a kasuwar Wudil sau ɗaya ake kama shi ranar Juma'a, labari ya riga shi isa gida. Shi kuwa wannan an buga shi, an fassara shi, an yi jarrabawa a kansa, amma ko a daren jiya in ya ƙwanƙwasa ƙofa buɗe masa ake yi. In Kurar Talata sabuwa ce, masu sauraro fa? Mu ma sababbi ne?

Domin mu ne babbar hujja, kuma ina faɗin haka da nauyin zuciya. Kowane dare Iya takan rufe da ƙurunƙus, ta kuma faɗa da bakinta cewa ba domin Gizo ba da ƙarya ta yi mana. Wato ta amsa laifi gaban shaidu, ta nuna wanda ya tsaya mata. Washegari ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu kuma baki ɗaya mu ce ta zo mu ji ta. Labarin hankakin nan na ji shi ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da aka zo wurin cire gashi sai gabana ya faɗi, ko wannan karon za su tausaya masa. Dokar hana tatsuniya da rana ma a nan ta sami fassara. Abin da ake tsorata yara da shi shi ne wanda ya yi zai ɓata. Mene ne ɓata in ba manta hanyar gida ba? Magabata sun san ƙarfin abin, shi ya sa suka killace shi a lokacin da kowa ya riga ya shiga ɗaki, ba sauran hanyar da za a manta.

Mutum ɗaya layar ba ta ci ba, ita ce Ƙoƙi. Hausawa sun ce tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi, ana ɗauka wai ƙarancin 'yan wasa ake nufi. A fahimtata iyakar layar aka shata. Ƙoƙi tana tuna komai: hatsin da aka ce na iri ne aka cinye, ciwon ƙaryar ranar noma, baƙin da aka gayyato ba a bar kuɗin cefane ba. Ba ta cewa uffan, sai dai ta haɗa hannuwa biyu a ƙirji ta karkata kai tana kallonsa, kamar yadda ƙoƙi-ƙoƙi ke yi a kan karan dawa. Masana ƙwari sun tabbatar cewa macen wannan halitta takan cinye mijinta, wani lokaci tun daga kai take farawa. Wanda ya san haka ba zai ƙara tambayar dalilin da ya sa maigida yake kwana a azara alhali ga gado a ɗaki ba.

Samarin teburin sun so in kwatanta shi da Spider-Man, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1962, har mai cajin waya ya nuna mini shi yana lilo tsakanin benaye. Na duba da idon basira. Yaro ne mai ƙoƙari, amma sai ya rufe fuska kafin ya fita aiki, don kada a gane shi. Namu fuska a buɗe yake zuwa, da sunansa, da tsamin bakinsa, gidan da ya cuta jiya.

Saura tambayar da ta fi damun jama'a, wato ina layar take yanzu. Ra'ayi mafi rinjaye shi ne an buɗe ta an kwafa. Ana kafa hujja da cewa duk bayan shekara huɗu wasu motoci masu lasifika kan shigo gari da alkawarin rijiyar burtsatse da kwalta, a tsaya a wuri ɗaya, a faɗi magana ɗaya, mu kuma mu tafa kamar yau muka fara ji. Wasu na ƙarawa da cewa wanda ya fara kiran intanet yanar gizo ya san abin da yake faɗa, tun da saƙon nan na ka ci kyauta, turo lambar asusunka, ya kama mutum ɗaya sau biyu a unguwarmu. Ban yanke hukunci a nan ba, domin bincike bai kammala ba, kuma wasu daga cikin masu motocin suna da dogon hannu.

Daren da na karanta wa teburin wannan risala, an saurara har ƙarshe, abin da bai taɓa faruwa ba. Mai cajin waya ya ce zai yi nazari. Tela ya taso ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, “Yaya, wallahi ka gama magana, na bar rikiɗa daga yau.” Don murna ya sa aka soya masa ƙwai uku da Indomie biyu, aka haɗa masa shayi mai kauri, ya ce a ƙara mini ni ma. Muka ci muka sha. Da na miƙe zan tafi, mai shayi ya jawo littafinsa mai bangon da maiƙo ya mayar kamar fata, ya lashi yatsa ya buɗe shafina ba tare da ya nema ba.

“Malam, tsohon lissafi fa? Da na makon jiya, da rabin biredin ranar suna.”

Wannan ya wanke ni daga zargin da wasu ke yi cewa layar tana hannuna. Na biya. Tela ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya ce ashe ya baro kuɗin a ɗaya rigar, in taimaka in haɗa da nasa, gobe da sassafe zai aiko yaro. Na haɗa na biya, muka yi sai da safe. Sai yanzu da nake mayar da risalar a takarda mai kyau na tuna cewa haka ya ce ranar Laraba, haka kuma ya ce daren da aka yi gardamar baka, kuma yadin da na kai masa tun kafin ƙaramar salla yana nan a shagonsa ba a yanka ba.